Fasto William Sheppard da Hannaye 81 na Ƙasar Kasai



In aka ce "ɗan mishan" a majami'unmu, hoton da yakan zo mana shi ne na Bature mai malafa, ya sauko daga jirgin ruwa da akwatin magani. Ba laifinmu ba ne, haka muka ji daga bakin kakanni. Amma a ƙarshen 1893, lokacin da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas suna neman hanyar shigowa ƙasarmu, akwai wani baƙar fata ɗan Amurka da ya riga ya yi shekara 3 yana aikin bishara a tsakiyar dajin Kongo, har ya rasa abokin aikinsa a can. Sunansa William Henry Sheppard, fasto ne na ikilisiyar Firesbiteriyan, wato irin ikilisiyar da zaɓaɓɓun dattawa suke riƙe da ragamarta tare da fasto. Dangin ikilisiyar nan ce da ta kafu a Kalaba tun 1846, inda Mary Slessor ta yi hidima.

An haife shi ran 8 ga Maris 1865 a garin Waynesboro na jihar Virginia, saura wata guda yaƙin basasar Amurka ya ƙare, yaƙin da ya kawo ƙarshen bauta a ƙasar. Mahaifinsa mai aski ne, shi ne kuma mai kula da ginin majami'ar Firesbiteriyan ta garin, wadda fararen fata suke da rinjaye a cikinta. Yaron ya yi aikin kula da dawakin wani likitan haƙori, daga nan ya shiga makarantar Hampton, inda yake aiki da rana yana karatu da dare. Sai ya wuce makarantar tauhidi ta Tuscaloosa a jihar Alabama, wadda aka buɗe don horar da fastoci baƙar fata, yau ana kiranta Kwalejin Stillman. An keɓe shi fasto a 1888, aka ba shi ikilisiya a birnin Atlanta.

Zuciyarsa dai tana Afirka. Ya shekara 2 yana rubuta wa hukumar mishan ta ikilisiyarsa wasiƙu, suna ta yi masa hanya-hanya. Da ya gaji, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Baltimore ya same su ido da ido. A nan ne ya fahimci inda gizo ke saƙar: ba za su aiki baƙar fata shi kaɗai ba, sai an sami farar fata da zai shugabance shi. Abin mamaki, wanda ya taimaka ƙofar ta buɗe wani sanata ne na Alabama, John Tyler Morgan, mutumin da burinsa a kwashe baƙaƙen Amurka a mai da su Afirka. Ta wajensa aka sami Samuel Lapsley, saurayi farar fata, sabon fasto, ɗan wani tsohon abokin aikin sanatan. Wanda ya karanta labarin Yusufu da 'yan'uwansa ya san ba yau Allah ya fara bi ta kan mugun nufin mutum ya cika nasa nufin ba.

Sun bar New York a Fabrairun 1890. Lapsley ya ratsa Brussels ya gaida Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, don a lokacin Kongo ba ta gwamnatin Beljiyam ba ce, mallakar sarkin ce shi kansa, kamar yadda mutum yake mallakar gonarsa. Manyan ƙasashe sun sakar masa ita a 1885 bisa alkawarin zai yaƙi cinikin bayi, ya kuma bar 'yan mishan su yi aiki. Samarin biyu sun tafi da kyakkyawan zato gare shi.

Daga Matadi babu jirgin ƙasa tukuna, kogin kuma ba ya biyuwa saboda duwatsu, sai suka taka da ƙafa fiye da mil 200 zuwa inda birnin Kinshasa yake a yau. Daga can suka bi kogin Kasai, suka isa Luebo a Afrilun 1891, suka kafa tashar mishan. A jihohin kudancin Amurka waɗannan biyu ba za su ci abinci a faranti ɗaya ba. A Kongo tanti ɗaya suka kwana, in zazzaɓi ya kayar da wannan, wancan ya yi jinyarsa. Lapsley mai littafi ne da lissafi. Sheppard kuwa ƙato ne mai fara'a, mai saurin kama harshe, maharbi kuma. Ya sha harbe dorina ya raba wa ƙauyukan da yunwa ta addaba, mutane suka sa masa suna mai ma'anar "baƙin Bature", don fatarsa irin tasu ce, tufafinsa na Turawa. Ku riƙe maganar dorinar nan, za mu komo kanta.

Ba su cika shekara guda a Luebo ba, Lapsley ya sauka bakin teku don daidaita takardun filin mishan da hukuma. Zazzaɓin nan mai mai da fitsari baƙi ya kama shi, ya rasu kusa da Matadi a Maris 1892, bai cika shekara 26 ba. Mutumin da hukuma ta ce ba zai iya tafiya ba sai da shugaba, ga shi an bar masa aikin duka a hannu.

Abin da ya yi a shekarar nan shi ne ya fara fito da sunansa. Arewa da Luebo akwai masarautar Kuba, tsohuwar daula mai tsari, wadda sarkinta ya kafa doka cewa duk wanda ya nuna wa baƙo hanyar babban birni za a fille masa kai. Turawa sun yi shekaru suna nema, ba su samu ba. Sheppard ya fara da koyon harshen daga bakin fataken Kuba da ke zuwa Luebo. Sannan ya ɗauki mutane kaɗan ya shiga hanya. In ya isa ƙauye aka ƙi nuna masa gaba, ba ya jayayya. Sai ya zauna ya saye ƙwan ƙauyen kaf, sannan ya roƙa a bar yaronsa ya bi masu zuwa kasuwar gaba ya sayo masa ƙwai. Yaron ya dawo ya san hanya, su tashi. Haka ya yi ta yi wata da watanni. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai na yi dariya, ina tunanin yawan ƙwan da bawan Allahn nan ya ci saboda bishara.

Labari ya kai fada. Sarki ya aiko ɗansa da mayaƙa su kamo mutanen ƙauyen da suka bar baƙo ya wuce. Sheppard ya fito ya yi wa ɗan sarkin magana da harshen Kuba, ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, babu wanda ya nuna masa hanya, kada a taɓa kowa. Baƙo baƙar fata, mai jin harshensu, wanda ya san hanyar da ba a nuna masa ba: dattawan fada suka yanke cewa wannan ba baƙo ba ne, wani ɗan gidan sarauta ne da ya mutu tuntuni, Bope Mekabe, ya dawo. Sheppard ya musanta, ya gaya musu sunansa da ƙasarsa, suka ce ai mai dawowa daga lahira yakan manta. Ya yi wata 4 a birnin. Ya ga tituna miƙaƙƙu, da kotuna, da masassaƙa, da masaƙa masu yin zane da zaren tukurwa. Da ya koma Amurka ya riƙa tsayawa gaban fararen fata yana gaya musu cewa ya ga mutane masu wayewa da doka a tsakiyar Afirka, a zamanin da ba a son jin haka. Bai kuma ɓoye abin da ya ƙi a can ba, wato shayar da wanda ake tuhuma guba, da binne bayi tare da manyan da suka mutu. A 1893 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta karɓe shi cikin membobinta.

Sai dai a faɗi gaskiya, bai sami masu tuba a fadar Kuba ba. Shekaru kaɗan bayan haka kuma sojojin Leopold suka kai birnin suka washe shi.

A 1894 ya auri Lucy Gantt, malamar makaranta mai baiwar waƙa, suka koma Kongo tare da wasu baƙaƙen Amurka. A cikinsu akwai Maria Fearing, wadda aka haifa cikin bauta, ta koyi karatu tana babba. Shekarunta 56, hukuma ta ce ta tsufa, sai ta sayar da gidanta ta biya wa kanta kuɗin jirgi. Ta yi shekara 20 tana riƙon 'yan matan da aka fanso daga hannun masu cinikin bayi. Wannan uwa ta cancanci a ba da labarinta daban wata rana. Lucy da William kuwa sun binne 'ya'yansu mata 2 na fari a ƙasar Kasai, dukansu suna jarirai. Ba a yi baftisma ta farko a Luebo ba sai 1895, bayan shekara 4 ana shuka ba a ga tsiro ba. Waɗanda suka fara karɓar bishara yawancinsu mutanen Luba da Lulua ne, da yawa bayi ne da aka fansa, waɗanda ba su da kowa. A 1897 wani fasto farar fata, William Morrison, ya zo ya duƙufa kan harshen Luba da fassarar Littafi Mai Tsarki. Sheppard kuma ya zauna a sabuwar tasha, Ibanche, a bakin iyakar ƙasar Kuba.

A shekarun nan duniya ta shiga neman roba ruwa a jallo, saboda tayar keke da ta mota da wayoyin lantarki. Dajin Kongo cike yake da kurangar da ake tatsar danko a jikinta. Leopold ya ɗora wa ƙauyuka harajin roba. In ƙauye bai cika mudunsa ba, a kama mata a tsare har mazan su kawo, ko a shimfiɗe mutum a zane shi da bulalar fatar dorina. Mu Hausawa ba sai an yi mana bayani ba, mun san abin da ake nufi in an ce an tsula wa mutum dorina. Dabbar da Sheppard yake harbewa ya ciyar da mayunwata, da fatarta hukuma take yanka bayansu. Hafsoshi kuma suna ƙirga harsashi, kada soja ya ɓatar wajen farauta, don haka aka riƙa neman ya kawo hannun dama na wanda ya harbe ya zama shaida. Akwai wani abu da ya shafe mu a nan, ko da ba daɗin ji: a farkon kafa rundunar Leopold, kafin a fara ɗibar 'yan ƙasa, da yawa daga sojojinta an ɗauko su haya ne daga Afirka ta Yamma, har da Hausawa daga Legas da Akara.

A Satumban 1899 labari ya iso mishan cewa mayaƙan Zappo Zap, waɗanda hukuma ta ba bindigogi suna karɓar mata haraji, suna ƙone ƙauyuka a yankin Pianga. Morrison ya ce Sheppard ya je ya gani da idonsa ya rubuto. Sheppard bai so ba, ya san mutanen da zai tarar. Amma ya tafi. Ya ratsa ƙauyukan da ba kowa sai toka, har ya isa sansaninsu. Shugabansu, Malumba, ya ɗauka baƙon nan na hukuma ne, sai ya shiga zagayawa da shi yana nuna masa aikinsa da alfahari. Ya ce ya tara manyan yankin a cikin shinge, ya nemi roba da hauren giwa da awaki da bayi, da suka ce ba za su iya ba ya sa aka rufe ƙofa aka buɗe musu wuta. Sheppard ya danne zuciyarsa, ya riƙa tambaya kamar mai sha'awa. Ya ga gawawwaki, ya ga mata kusan 60 a tsare. Da ya tambayi inda hannayen gawawwakin suke, aka kai shi wurin wani ragaya da aka hura wa wuta a ƙasa, ana ƙyafe su don kada su ruɓe kafin a kai wa jami'in hukuma. Ya tsaya ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Hannayen dama 81.

Na daɗe ina tunani a kan ƙirgar nan. Da ni ne, ina jin da na kau da kai na gudu, in na tsira in ce na ga abin da baki ba zai iya faɗa ba. Irin wannan magana kuwa ba ta kama kowa, mai iko zai ce ƙari ne irin na masu wa'azi. Shi ya tsaya a cikin warin, a tsakiyar masu bindiga, ya fito da lamba da rana da wuri da suna, har ya ɗauki hotuna da 'yar kyamararsa. Rahoton ya fita a jaridun Amurka da Ingila, ya zama ɗaya daga cikin shaidun da masu neman gyara a Kongo suka riƙe. Mu da muke zaune a inda ake kai hari ƙauye da dare, gari ya waye kowa yana faɗin tasa lambar a Facebook, ya kamata mu lura da irin shaidar da wannan fasto ya bayar. Bai ƙara ko ɗaya don a ji tausayi ba, bai rage ko ɗaya don a bar shi lafiya ba.

Bayan shekara 8 ya sāke taɓo wuta. A Janairun 1908 ya yi wani ɗan gajeren rubutu a jaridar mishan, Kasai Herald, ya kwatanta mutanen Kuba da ya sani a dā, masu gonaki da gidaje masu kyau, da yadda suka koma: ciyawa ta cinye gonaki, yara suna kukan yunwa, maza suna kwana a daji suna tatsar roba a ƙarƙashin bindigar masu gadin kamfanoni. A shekarar kuma ya yi wa wani jami'in jakadancin Birtaniya, Wilfred Thesiger, jagora ƙauye-ƙauye, rahoton jami'in ya tabbatar da maganarsa. Kamfanin da ke riƙe da cinikin robar yankin, Compagnie du Kasai, ya kai Sheppard da Morrison ƙara kan ɓata suna, yana neman faran 80,000. Wa ya tsaya musu? Emile Vandervelde, jagoran 'yan gurguzu a majalisar Beljiyam, lauya wanda ba mai bi ba ne. Ya taso tun daga Turai ya kāre fastocin bai karɓi ko sisi ba. An sallami Morrison saboda kuskure a takardar sammaci, Sheppard ya rage shi kaɗai a gaban alƙali a Leopoldville a Satumban 1909, shaidunsa 'yan Kuba suna jira. A farkon Oktoba aka wanke shi, aka ɗora wa kamfanin kuɗin shari'a. Alƙalin dai ya bi ta gefe ne, ya ce rubutun bai ambaci sunan kamfanin ba, don haka bai kama kamfanin da laifin komai ba. Leopold, wanda aka riga aka karɓe Kongo daga hannunsa a 1908, ya mutu a Disamban 1909.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya fi daɗin bayarwa a taron matasa. Amma a 1910, sunansa yana kan kowace jarida, Sheppard ya bar Kongo bai sāke komawa ba. An sanar wa jama'a cewa rashin lafiya ne. Gaskiyar ita ce ya faɗa cikin zina da matan ƙasar, ba sau ɗaya ba, tun daga lokacin da Lucy ta yi doguwar zama a Amurka, har an haifa masa ɗa namiji. Da hukumar mishan ta tuhume shi, ya amsa laifinsa. Majalisar dattawan da ta keɓe shi ta sa shi a ƙarƙashin horo, ta dakatar da shi daga aikin fasto kimanin shekara guda.

Ban kawo wannan don in rage masa daraja ba, ban kuma yarda a share shi ba. Mutum ne mai iko a tashar mishan, matan nan kuwa ba su da irin ƙarfinsa, ga kuma matar da ta binne 'ya'ya 2 a ƙasar da ta bi shi. Hannaye 81 ba su biya wannan ba. Littafi Mai Tsarki da ya ba mu labarin Dauda da Goliyat, shi ne ya ba mu na Dauda da matar Uriya, bai ce mu zaɓi ɗaya ba. Mutumin da bai ji tsoron bindigar Malumba ba, kaɗaici da yabo da rashin mai tambayarsa suka kayar da shi. Mu kuma mun san yadda mukan yi in babban bawan Allah ya faɗi: ko a rufe a yi masa canjin wurin aiki, ko a yashe shi kamar ba a taɓa saninsa ba. Ikilisiyarsa ta rufe wa jama'a dalilin, wannan kam ban ga kyansa ba. Amma ba ta ƙyale shi don sunansa ya yi girma ba, shi ma bai tattara magoya baya ya buɗe tasa majami'ar ba. Ya zauna a benci ya karɓi horon. Lucy kuma ba ta rabu da shi ba.

A 1912 aka mai da shi bakin aiki, aka ba shi wata ƙaramar ikilisiya mai suna Grace a unguwar talakawa baƙar fata ta Smoketown, a birnin Louisville na jihar Kentucky. Mutumin da ya zauna da sarkin Kuba, ya gana da Shugaba Theodore Roosevelt a fadarsa, ya koma ƙasar da doka ta hana shi zama wuri ɗaya da farar fata a jirgin ƙasa. Shekara 15 ya yi a wannan ikilisiya yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya, yana tara yaran unguwa yana ba su labarin Kasai, Lucy tana koya musu waƙa. Babu jarida, babu kotu. A ganina waɗannan shekarun ba su fi na Kongo sauƙi ba. Ya rubuta littafi a kan farkon aikin mishan ɗin a 1917, kayan sassaƙa da saƙar Kuba da ya tara kuwa suna gidan tarihin Jami'ar Hampton har yau.

Shanyewar jiki ta kama shi a 1926, ya rasu ran 25 ga Nuwamba 1927 yana da shekara 62. Fiye da mutum 1,000 ne suka zo jana'izarsa, baƙaƙe da farare. Lucy ta rayu har 1955. Ɗan nan da aka haifa masa a Kasai ya girma a can, ya zama mai kula da maɗaba'ar mishan. Ikilisiyar da aka fara da tanti ɗaya a Luebo yau tana cikin manyan ikilisiyoyin Firesbiteriyan na Afirka, tana kuma da jami'a a birnin Kananga mai ɗauke da sunayen samarin nan biyu da suka bar New York a 1890. Sunan Sheppard ne a gaba, na Lapsley yana biye.